Farautar gafiya a Ungogo: Sana'ar hunturun da hukuma ba ta tunawa da ita sai annoba ta ɓulla

Duk shekara, daga lokacin da aka gama yankan dawa aka ɗaure kara har zuwa faɗuwar ruwan farko, abu biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. A ƙauyukan Ungogo da sauran karkarar da ta kewaye birnin Kano, samari da yara kan fita da karnuka da sanduna da fartanya neman ramin gafiya. A Abuja kuwa, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa kan riƙa fitar da alƙaluman zazzaɓin Lassa na mako-mako, suna hauhawa, tare da gargaɗin a nisanci ɓera. Kafin gargaɗin ya iso rediyon Kano ya riga ya dunƙule ya zama jimla ɗaya: kada a ci ɓera. Mai farautar gafiya kan ji, ya ci gaba da tononsa, domin a wurinsa gafiya daban, ɓera daban. A wannan gaɓar shi ne mai gaskiya, sai dai gaskiyar tasa ba ta raba shi da haɗari ba, kuma babu wanda ya zauna ya bambance masa inda haɗarin yake.

Ƙasar da daji ya ƙare

Ƙaramar hukumar Ungogo ta rungumi birnin Kano daga arewa. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 200 da 'yan kai ba, amma ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 360,000 a cikinta. Mazaɓunta sun kasu tsakanin waɗanda birni ya riga ya haɗiye, irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa, da waɗanda har yanzu ake jin ƙamshin gona a cikinsu, irin su Karo da Yadakunya.

Cunkoson ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bayyana karkarar da ke zagaye da birnin a matsayin ɗaya daga cikin yankunan noma mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an noma ta, jakuna na kai itace birni suna komowa da taki. Itatuwan da aka bari a tsaye, kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo, kowanne da mai shi. A irin wannan ƙasa babu wurin da barewa ko gada za ta raɓe. Abin da ya rage wa mai sha'awar farauta shi ne abin da ke iya zama a ƙarƙashin ƙasa ko cikin shinge: zomo, kurege, bushiya, sai kuma gafiya, wadda ta fi su sabo da ɗan Adam.

Yau ko gonakin ma ƙarewa suke yi. Awon igiya ya mai da su fulotai, bulo ya maye gurbin darni. Dajin Falgore, wanda shi ne babban gandun namun daji na jihar, yana can kudu, tafiyar kusan kilomita 150, kuma doka ta keɓe shi. Shi ya sa manyan mafarautan Kano ke cika mota da karnuka su nausa wasu jihohi da rani. Mutum 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, mafarauta ne da ke kan hanyar komowa gida hutun Sallah daga Jihar Ribas. Wanda ba shi da halin irin wannan doguwar tafiya, ko shekarunsa ba su kai ba, ramin gafiya ne dajinsa.

Yadda ake cim ma ta

Gafiya, wadda ake kiran namijinta burgu, takan kai nauyin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ana gane ta da doguwar jelar da rabinta na ƙarshe fari ne. Da dare take fita. Idonta ba shi da ƙarfi, amma hancinta ya wuce misali. 'Yar'uwarta ta gabashin Afirka ce ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya domin shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma gano tarin fuka a majinar marasa lafiya. Tana da wata zabira a kowane kunci da take cusa gyaɗa ko hatsi ta kai rami, abin da ya sa Bahaushe ya yi mata kirari da "gafiya, tsira da na bakinki". Wanda ya taɓa tona raminta har ƙarshe ya san ba banza ake zargin burgu da sata ba, domin akan tarar da ɗaki guda cike da gyaɗa da ƙwallon dabino da tarkacen da ba a san me za ta yi da shi ba.

Dalilin da ya sa farautar ta zama ta hunturu a fili yake. An kwashe amfani, ƙasa ta yi fayau, bakin ramin da ganye ya rufe da damina ya bayyana. Dabbar ta ci kaka ta yi ƙiba. Aikin gona ya ƙare, hannu ya sami sarari. Ga kuma busasshen karmami da ƙaiƙayi ko'ina, waɗanda su ne makamin farko.

Gwanin farautar ba ya tona kowane rami. Yakan duba sabuwar ƙasa a bakinsa, da sawu, da kashi, da ɓawon gyaɗa, sannan ya bar kare ya tabbatar. Tsohon suri, gindin kuka, gefen kwazazzabo da kangon gini su ne wuraren da aka fi sa rai. Da yake ramin kan kasance da ƙofa fiye da ɗaya, sai an zagaya an toshe sauran, ko a tsai da mutum da sanda a kowace. Sai a cusa karmami a babbar ƙofar, wasu har da barkono, a kunna a yi ta fifita. In ta fito, kare da sanda ne. In ta ƙi, sai tono, wanda kan ci rabin yini a ƙasar da ta bushe ta yi tauri. Masu haƙuri kuwa tarkon waya ko na ƙarfe suke ɗanawa a kan hanyarta da magariba, su komo da asuba. A nan ne kuma haɗarin da kowa ya sani yake: ramin da gafiya ta bari, maciji kan gada, kuma yaron da ya zura hannu don ya taɓo jela yana iya taɓo kasa ko gamsheƙa.

Ba kowa ke cin ta ba. Akwai masu ƙyamarta saboda ana ganinta a maƙabarta da kwatami. Amma a gidan da naman miya ya zama sai ranar Sallah ko suna, kilo guda na nama da aka samu da gumi kawai ba abin rainawa ba ne, kuma manomin da ta yi wa ɓarna a rumbu ko a lambu godiya yake yi.

Irin wannan farauta a kan ƙanƙara

Akwai wata farauta mai kama da wannan a can arewacin duniya, kuma kwatanta su yana fito da abin da ya ɓace a nan. A Kanada da arewacin Amurka akwai wata dabbar fadama mai kusan girman gafiya da ake kira ɓeran miski, saboda wani ƙamshi da take fitarwa lokacin barbara. Ba jaba ba ce, ko da yake sunan zai sa a yi zaton haka. Cikin ruwa take rayuwa, tana iya nutso na kusan minti 15, kuma babban abincinta da kayan gininta wata ciyawar ruwa ce 'yar gida ɗaya da kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru.

Idan sanyi ya kai tafki ya daskare har mutum na iya tafiya a kansa, dabbar ba ta kwanciya. Tana ci gaba da zirga-zirga a ƙarƙashin ƙanƙara tsakanin bukkarta ta ciyawa da wasu 'yan ƙofofin shan iska da take rufewa da tulin ciyawa don kada su daskare. Mai tarko yakan bi waɗannan tuli, ko kuma, in ƙanƙarar garau take, ya bi jerin kumfar iska da ta maƙale a ƙarƙashinta, wadda ke nuna hanyar da dabbar ke bi kullum. Sai ya fasa ƙanƙarar da gatari ko kurfi, ya zura sanda mai ɗauke da tarko, wani lokaci da ɗan karas a jiki, ya sa alama ya tafi. Tarkon da aka fi amfani da shi, wanda wani mafarauci ɗan Kanada mai suna Frank Conibear ya ƙirƙira aka fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1950, an yi shi ne don ya kashe nan take. Hikimar iri ɗaya ce da ta Ungogo: yanayi ya tone asirin hanyar dabbar, kuma a lokacin ne ta fi daraja, domin gashinta ya fi kauri da sanyi.

Bambancin yana wajen hukuma. A lardin Ontariyo, alal misali, ba a ɗana tarko sai an yi kwas an ci jarrabawa an karɓi lasisi. A filayen gwamnati kowane mai tarko da yankin da aka yi masa rajista. Akwai ranar buɗe farauta da ranar rufewa. Kuma a ƙarshen shekara sai ya ba da lissafin abin da ya kama. A 1997 Kanada da Tarayyar Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙa'idojin tarko, Rasha ta bi baya, kuma ɓeran miski na cikin dabbobin da aka lissafa.

Kuskure ne a ɗauka tausayin dabba kaɗai ya haifar da wannan tsari. Gashin ne kuɗi. Kamfanin Hudson's Bay, da aka ba izini a 1670, a kan cinikin fatun gashi ya ginu, kuma dokokin sun biyo kuɗin ne. Kano ma ta san wannan, domin a zamanin Turawa, da fata da ƙirgi suka zama hajar fitarwa, gwamnati ta sa ma'aikata na musamman suna koya wa mahauta fiɗa da shanya, suna tantance daraja. Gafiya ba ta da fatar da ake nema a Turai. Cikin talaka take shiga, don haka babu ofishin da ya taɓa ganin dalilin ƙirga ta.

Wane ɓera ake nufi?

An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, bayan ya kama wasu ma'aikatan jinya na mishan. A farkon shekarun 1970, bayan wata ɓarkewa a Saliyo, masana suka gano dabbar da ke ɗauke da ƙwayar. Wani ɗan ƙaramin ɓera ne da bai kai giram 100 ba, wanda ake ganewa da yawan nonuwa, domin macen kan kai jeri 12 a kowane gefe, ta kuma haifi 'ya'ya 10 ko fiye a ciki ɗaya. Ƙwayar ba ta sa shi ciwo. Yana yawo da ita yana zubarwa a fitsari da kashi. Binciken da aka wallafa a 2016 ya sami ƙwayar a wasu ƙananan ɓeraye iri biyu kuma, ɗaya daga cikinsu ɗan'uwansa na kusa. Duka ƙanana ne, irin waɗanda Bahaushe ke kira ɓera kai tsaye, ba ya kuma ci.

Wannan ɓeran tsakanin gona da gida yake rayuwa. Binciken da aka yi a ƙauyukan Gini ya nuna ya fi yawa cikin ɗakuna da rani, lokacin da gona ta zama fayau, abinci ya koma rumbu. Babbar hanyar kamuwa ita ce abincin da ya taɓa: garin da aka bari a buɗe, hatsin da aka shanya a ƙasa, tuwon da ya kwana ba murfi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matar da ba ta taɓa ganin ramin gafiya ba, amma tana shara da tankaɗe a ɗakin da ɓera ke kwana, ta fi kusa da cutar fiye da yadda saƙon "kada a ci ɓera" zai sa ta zata.

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya asibiti kusan kashi 15 kan rasu. Yana da tsanani ƙwarai ga mai tsohon ciki, kuma wasu daga cikin waɗanda suka warke kan rasa ji. Farkonsa kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot yake, abin da ke sa a yi ta shan magani a kemis har lokaci ya ƙure, alhali maganin da ake bayarwa, ribabirin, ya fi aiki in an fara da wuri. Har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita. A 2024 NCDC ta tabbatar da kamuwar sama da mutum 1,000 a faɗin Najeriya, sama da 200 suka rasu, mafi yawansu a Ondo da Edo da Bauchi. Bauchi kuwa iyaka ɗaya take da Kano. A watan Janairun 2020 cutar ta kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bayan sun yi wa wata mai juna biyu aiki, abin da ya tuna wa jihar cewa tana kuma bi daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki.

Wannan bai wanke farautar ba. Yaron da ya fita da kare ba ya zaɓe. Abin da wuta ta koro shi ake bugu, kuma ƙaramin ɓeran da ba za a ci ba ma sai an ɗauke shi da hannu an jefa wa kare. Wani bincike a Gini a 1996 ya danganta farautar ɓerayen da ke kewayen gida da cin namansu da kamuwa da Lassa. Dahuwa sosai tana kashe ƙwayar, don haka haɗarin ya fi yawa kafin tukunya: cizo, yakushi, jini a hannun da ƙaya ta yanka, wuƙar fiɗar da za a koma a yanka albasa da ita. Ita kanta gafiya tana da nata tarihin. A 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka, ta kama mutane da dama a jihohi shida, aka bi sawu aka tarar ta shiga ne ta wasu dabbobi da aka kai daga Gana, har da gafiya a cikinsu. Cutar ta sake bayyana a Najeriya a 2017, daga Bayelsa.

Sai kuma wuta. Wutar da aka kunna a bakin rami ba kullum take tsayawa a nan ba, musamman in iskar hunturu na kaɗawa. Takan ci tarin kara da harawar da manomi ya ajiye wa dabbobinsa, waɗanda a Ungogo kuɗi ne tsaba. Kuma NCDC da kanta tana gargaɗi cewa ƙona daji na koro ƙananan ɓeraye zuwa gidaje. Ke nan ana iya fita neman dabbar da ba ita ce matattarar Lassa ba, a koro wadda ita ce zuwa ɗakin kwana.

Alhakin wa?

A kan takarda akwai doka. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da cinna wuta a fili tun 2011. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, tana nan, amma gafiya ba ta cikin masu ƙarewa, kuma babu mai hankalin da zai nemi a sa ɗan shekara 12 ya yanki lasisin tono. Kwafo tsarin Ontariyo ɗungurungum ba zai haifar da komai ba sai sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin hanya.

Abin da ya dace a ara shi ne a yarda sana'ar tana nan, a san masu yin ta, a yi magana da su da harshen da ya dace da abin da suka sani. Mafarauta na da shugabanci, akwai sarakunan baka da na dawa, akwai dagatai da masu unguwanni, akwai malaman makarantun allo da na boko waɗanda yaran ke hannunsu. Saƙon da zai yi aiki shi ne wanda ya fara da amincewa cewa gafiya ba ɓera ba ce, sannan ya ce kada a taɓa ƙaramin ɓera da hannu ko matacce ne, kada mai rauni a hannu ya yi fiɗa, a wanke wuƙa da hannu da sabulu, a dafa nama ya nuna, a kashe wuta kafin a bar wuri, kuma zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu zuwa uku a kai shi asibiti a faɗi cewa an yi farauta. Ga mai son naman don kansa ma akwai wata hanya: tun a shekarun 1970 S. S. Ajayi na Jami'ar Ibadan ya nuna ana iya kiwon gafiya a keji, kamar yadda ake kiwon gyazbi a Benin da Gana.

Mafi yawan wannan aiki ba na Abuja ba ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da kasuwanni da mayanka a wuyan ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta hannu a harkar lafiya. Dattawa na tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa da rumbu da bayan ɗaki, ya ci tarar wanda ya bar ƙazanta. Bolar da ke taruwa a sababbin unguwannin awon igiya, inda ba a bar hanyar motar shara ba, ita ce gonar ɓera ta yanzu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, muhawarar ta tsaya kan wa ke riƙe da kuɗin. Mazaunin Ungogo na da damar ya ƙara da tambayar kansilan mazaɓarsa jami'an duba-gari nawa ke aiki a mazaɓar, nawa aka ware wa kwashe shara a kasafin bana, kuma ko ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yana da safar hannu da lambar da zai kira in ya ga zazzaɓin da ya ƙi sauka a watan Janairu.